Mutuwar Farat Ɗaya a Cikin Gida: Aikin Ɗansanda da Haƙƙin Iyali

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Lafiya ta Jihar Nasarawa da sauran 'yan ƙasa baki ɗaya



Maganar da za mu yi yau ba mai daɗin ji ba ce, amma rashin daɗinta bai hana ta aukuwa ba. Akan wayi gari a wani gida, a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, a Shabu ko wani ƙauye na ƙasar Doma ko Obi, a yi ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin mutum ba amsa, a ɓalle ta, a tarar rai ya yi halinsa, alhali jiya da dare an ci tuwo da shi lafiya lau. Tun gawa ba ta yi sanyi ba sai ka ji wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ai kashe kansa ya yi." Daga nan mutanen gida sukan rabu biyu. Waɗansu kunya ta rufe su, su yi maza su share ɗaki, su kawar da duk abin da suka gani, su gaggauta kai mamaci makwancinsa tun labari bai bazu ba. Waɗansu kuwa su shiga nuna yatsa, wannan ya ce matarsa ce, wancan ya ce ɗan'uwansa ne da suke rigimar gona.

Duka ɓangarorin biyu sun yanke hukunci tun ba a yi bincike ba. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan taro shi ne, ba wanda ke da ikon raɗa wa irin wannan mutuwa suna sai bayan bincike ya kammala, kuma cin nasarar binciken ko lalacewarsa yana hannun waɗanda suka fara shiga ɗakin, tun kafin ɗansanda ya iso.

HANYOYI HUƊU MASU KAMA DA JUNA

Kowa ya san ajali na Allah ne, ba mai ja da haka. Abin da hukuma ke tambaya shi ne sababi, kuma sababin mutuwar farat ɗaya ba ya wuce ɗayan huɗu: ko ciwo, ko tsautsayi, ko hannun wani, ko hannun mamacin kansa. Abin da ke wahalar da aiki shi ne, a idon wanda ba a koya wa ba, huɗun nan sukan yi kama da juna ƙwarai da gaske.

Mai hawan jini jijiya takan fashe masa a ƙwaƙwalwa cikin dare, ya faɗi ya bugu da bakin gado, a same shi kwance cikin jini kamar wanda aka sara. Mai farfaɗiya yakan rasu cikin barci da kumfa a baki, a ce guba ya sha. Manomin ƙasarmu ta doya da riɗi da shinkafa yakan ajiye maganin feshi a ɗakin kwanansa, saboda haka ganin kwalba kusa da gawa bai nuna an sha abin da ke cikinta ba. Ko da likita ya sami maganin a jikin mamaci, da sauran tambaya: da gangan ya sha, ko wake ya ci wanda aka zuba wa magani domin ajiya, ko kuwa wani ne ya zuba masa a abinci?

Haka kuma janareto da aka tayar a cikin ɗaki ko a lungun da ba iska, da garwashin gawayi da akan shigar ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga, dukkansu suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200, shi ya sa takan ɗauke mutum cikin barci, wani lokaci gida guda, ba tare da ko tabo a jiki ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai mugun da zai yi kisa, sa'an nan ya shirya ɗaki yadda kowa zai ce mamaci ne ya yi wa kansa. Wannan dabara daɗaɗɗiya ce. Tun a shekarar 1247 wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta littafi domin koya wa ma'aikatan hukuma duba gawa, kuma cikin abin da ya koyar har da yadda za a bambanta wanda ya rataye kansa da wanda aka kashe kana aka rataye. Saboda haka ɗansandan da ya san aikinsa, in an ce masa mutum ya kashe kansa, yakan karɓi maganar a matsayin zato, ya ci gaba da bincike kamar kisa ne, har sai shaida ta kore masa hannun wani.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba 1996 aka sa Lafiya ta zama babban birninta, ta gaji dokokin tsohuwar Jihar Arewa. Biyu daga cikinsu suka fi shafar maganarmu. Ta farko ita ce Finalkod, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, shi ne ya bayyana laifin kisa da hukuncinsa. Ta biyu ita ce dokar binciken sababin mutuwa, wadda ke cikin kundin dokokin Jihar Arewa na 1963.

Wannan doka ta biyu ta ɗora aikin a wuyan wani alƙali na musamman, wanda a ƙasar nan majistare ne ke riƙe da muƙaminsa. A takardun gwamnati za ku ji ana ce masa korona. Sunan muƙami ne da ya samo asali a Ingila tun 1194, ba abin da ya haɗa shi da annobar nan ta 2020. Mu dai mu kira shi alƙalin binciken mutuwa. Aikinsa shi ne ya gano wane ne ya mutu, yaushe, a ina, ta wace hanya. Doka ta ba shi ikon ya dakatar da jana'iza, ya umarci likita ya duba gawa, ya kira shaidu ya rantsar da su, in ta kama ma ya sa a tono wanda aka riga aka binne.

Dokar ta kuma wajabta wa duk wanda ya tsinci gawa, ko ya sami labarin mutuwa mai shakka, ya sanar da hukuma ba da ɓata lokaci ba. Finalkod kuwa ya mai da ɓatar da shaida domin kare mai laifi, da faɗa wa hukuma ƙarya, laifuffuka masu zaman kansu. Mu da Sarkinmu, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli ta Nijeriya kafin ya hau gadon sarautar Lafiya a 2019, ya kamata mu fi kowa sanin cewa shari'a ba ta tafiya sai da hujja.

SA'AR FARKO A HANNUN IYALI TAKE

To, me ya kamata mutanen gida su yi?

Na farko, rai yana gaba da shaida. Muddin akwai ko ɗan zaton mutum yana da sauran numfashi, a kwance shi, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Ceton rai ba laifi ba ne, kuma Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Abin da ake bukata kawai shi ne wanda ya taɓa wani abu ya tuna abin da ya taɓa, ya faɗa wa ɗansanda yadda ya same shi.

Na biyu, in ta tabbata rai ya fita, a fitar da kowa, a ja ƙofa, a sa dattijo guda ya zauna a bakinta. 'Yan kallo ashirin da suka shiga suka fita sun isa su shafe sawun da zai nuna gaskiya.

Na uku, kada a share, kada a wanke, kada a sauya wa mamaci tufafi. Kwanon da ya ci abinci, kofin da ya sha ruwa, kwalba, ƙwayoyin magani, takarda, wayar hannu, a bar kowanne inda yake. Waya musamman, kada wani ya buɗe ta yana dube-dube, balle ya goge wani saƙo wai don rufin asiri.

Na huɗu, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a kuma aika caji ofis mafi kusa nan take, ko a buga lambar gaggawa ta ƙasa, 112, inda take aiki.

Na biyar, kada a ɗauki hoton gawa a watsa a WhatsApp ko Facebook. Yin haka cin mutuncin mamaci ne, yana kuma ba mai laifi damar sanin abin da aka gani domin ya gyara maganarsa.

Na shida, in mamaci ya yi zazzaɓi kafin rasuwarsa, ko aka ga jini yana fita ta hanci ko baki, kada a taɓa gawa da hannu tsirara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana ɓulla a jihohinmu na tsakiyar ƙasa, kuma gawa tana iya yaɗa shi. A kira ma'aikatan lafiya tare da 'yansanda.

ABIN DA ƊANSANDA KE NEMA A ƊAKI

Sa'ad da rahoto ya isa caji ofis, sai a shigar da shi littafin ayyukan yau da kullum da lokacin da aka kawo shi, baturen 'yansanda na yankin ya tura ɗansanda mai bincike. In lamarin yana da shakka, akan miƙa shi ga sashen binciken manyan laifuffuka na rundunar jiha, watau Si'aidi, wanda ke nan Lafiya, inda ake da ɓangare na musamman mai kula da shari'o'in kisa.

Wani masani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin binciken kimiyya na 'yansanda a birnin Liyon a 1910, ya koyar da cewa ba mai shiga wuri ya fita bai bar wani abu nasa ba, bai kuma ɗauki wani abu na wurin ba. A kan wannan ƙa'ida aikin ya ginu. Mai bincike yakan tsaya daga bakin ƙofa ya kalli ɗakin tukuna, ya ɗauki hotuna, ya zana taswirarsa, kana ya shiga. Yakan duba ƙofa: daga ciki aka kulle ta ko daga waje, wa ya ɓalle ta, ina mabuɗi? Yakan duba taga da rufi. Yakan lura ko akwai alamar kokawa, ko wani abu ya ɓace, ko kuwa an gyara ɗakin fiye da yadda mai shi ya saba.

Gawa ma tana ba da nata labari. Bayan zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya kwanta a sashen jiki da ke ƙasa, ya fara bayyana cikin awa 1 zuwa 2, ya kafu bayan kamar awa 8 zuwa 12. In an sami mutum rub da ciki amma jinin ya kwanta a bayansa, to an juya shi bayan ya mutu, sai a tambayi wa ya juya shi. Sandarewar gaɓoɓi takan fara bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki a wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta duk wannan. Da waɗannan alamu ake kintatar lokacin mutuwa, a gwada shi da maganar wanda ya ce shi ne ya ga mamaci na ƙarshe. Akan duba tafin hannu da damtse domin raunin wanda ya yi ƙoƙarin kare kansa, a duba ƙarƙashin farce domin abin da ya yaguto daga jikin wani.

In an sami takardar da ake cewa mamaci ya bari, ba a karɓarta haka kawai. Sai an gwada rubutun da waɗansu rubuce-rubucensa na da. Rashin takarda kuma bai kore komai ba, domin da yawa daga waɗanda suka kashe kansu ba su bar ko kalma ba. Saƙonnin waya da kiraye-kirayen ƙarshe su ma shaida ne, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓarsu. Duk abin da aka ɗauka akan sa shi a jaka daban, a liƙa masa lamba, a rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya karɓa, domin kada gobe a ce an musanya shi a hanya.

TAMBAYOYI DA HAƘƘIN WANDA AKE TAMBAYA

Daga nan sai ɗaukar jawabi. Akan tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai: wa ya fara gani, me mamaci ya ci, wane ciwo yake da shi, yana da bashi, ya yi faɗa da wani, halinsa ya sauya a kwanakin nan, ya taɓa ambaton gajiya da duniya? Tambayoyin suna da zafi ga wanda ke cikin makoki, amma tambaya ba tuhuma ba ce. Akan fara da na kusa domin su suka fi sanin mamaci. Wanda ya faɗi abin da ya gani, ya bambanta shi da abin da ya ji, ya taimaki kansa. Wanda ya yi ƙarya domin rufe kunyar gida kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne, sau da yawa shi yakan jawo wa kansa zargin da da ba a yi masa ba.

Wajibi ne kuma kowa ya san haƙƙinsa. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, ya kuma ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Sashen ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu. Wannan wa'adi bai hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, amma shi ma ba a ajiye shi ba iyaka sai da izinin kotu. Dokar 'Yansanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, watau ba a kama uwa don ɗanta ya gudu. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da duka ko gallazawa domin tatsar magana laifi a kan ma'aikacin da ya aikata. Beli a caji ofis kyauta ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976, wanda aka zalunta kuma yana iya kai kuka ga Kwamishinan 'Yansanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.

LIKITA, ADDINI DA JINKIRIN JANA'IZA

Yanzu mun zo inda aka fi samun saɓani tsakanin iyali da hukuma. Ɗansanda yakan cika takardar rahoton mutuwa, wadda ake kira fom B, ya kai wa alƙalin binciken mutuwa. In alƙali ya ga da bukata, sai ya sa hannu a fom C, umarni ga likita ya duba gawa. Likita ya rubuta abin da ya gano a fom D. A jiharmu akan kai gawa manyan asibitocin gwamnati, irin wanda mutanen Lafiya suka sani da sunan Dalhatu Araf, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Tilas wani ɗan'uwa ya shaida wa likita cewa wannan gawar wane ce, domin kada daga baya a yi gardama a kotu.

Likita masanin binciken gawa yana ganin abin da ido ba ya gani daga waje: zuciyar da jijiyarta ta toshe, jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa, raunin da ke ƙarƙashin fata. Yana iya bambanta raunin da aka yi wa mai rai da wanda aka yi wa gawa, domin jikin mai rai yana zubar da jini cikin nama yana kumbura. Yakan ɗebi jini da fitsari da abin da ke ciki a aika ɗakin gwaji domin neman guba. Sakamakon gwajin yakan ɗauki makonni, amma ba lalle a riƙe gawa har ya fito ba. Da zarar likita ya gama ɗibar abin da yake bukata, alƙali yakan ba da izinin binnewa.

Musulmi sun saba da gaggauta jana'iza, addini kuma ya girmama jikin mamaci kamar yadda ya girmama na mai rai. Manyan malamai sun duba wannan matsala. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a shekarar 1396 bayan Hijira, daidai da 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 1987, duka sun halatta buɗe gawa domin binciken laifi da gano cututtuka, saboda kada jinin wanda aka zalunta ya tafi a banza, kada kuma a kama marar laifi. Akwai ma wani hukunci da ke nuna muhimmancin sanin gaskiya: a shari'ar Musulunci wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa. In an binne gaskiya tare da mamaci, ana iya wayar gari makashi yana cikin masu rabon gado. Abin da ya dace shi ne iyali su wakilta dattijo guda da malami ko fasto guda, su bi takardun nan daga caji ofis zuwa kotu zuwa asibiti, su roƙi a hanzarta. Hukuma kuma nauyi ne a kanta ta hanzarta ɗin.

DARASI BIYU DAGA ƘASARMU

Ran 12 ga Satumba 2023 mawaƙin nan Ilerioluwa Aloba, wanda aka fi sani da Mohbad, ya rasu a Legas yana da shekara 27. Washegari aka binne shi a Ikorodu ba tare da binciken likita ba. Da surutu ya yi yawa, 'yansanda suka tono gawar ran 21 ga watan. A 2024 likitan da ya duba ta ya shaida wa alƙalin binciken mutuwa cewa ba a iya tabbatar da sababin mutuwar ba, domin gawar ta riga ta ruɓe. Gaggawar kwana ɗaya ta haifar da zarge-zarge na shekaru, dangi da abokai kowa yana tuhumar kowa.

Na biyu ya auku a maƙwabciyarmu Abuja, a watan Nuwamba 2017, inda wani magidanci ya sami raunukan da suka yi ajalinsa a cikin gidansa. Matarsa ta ce faɗuwa ya yi a kan fasasshiyar kwalbar shisha. An binne shi ba a yi cikakken binciken gawa ba, kuma lauyoyin wadda ake tuhuma sun kafa hujja da wannan rashi. Ran 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya same ta da laifin kisa, bisa shaidar waɗanda suka ga raunukan da sauran alamun da suka kewaye lamarin. Wannan ya nuna kotu tana iya hukunci ba rahoton buɗe gawa, amma sai an sha doguwar gardama a kan abin da likita zai iya warwarewa a yini guda. Kada mu ce waɗannan labaran nesa ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

INDA BINCIKE KE ƘAREWA

In shaida ta nuna hannun wani, 'yansanda sukan aika fayil ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a ta jiha domin shawara, daga nan a gurfanar da wanda ake tuhuma a Babbar Kotu. In ba ta nuna ba, alƙalin binciken mutuwa yakan rubuta abin da ya gano: ciwo, ko tsautsayi, ko mamaci ya kashe kansa, ko kuma hujja ba ta isa a faɗi ɗaya ba. Shi ba ya ɗaure kowa, gano gaskiya ne iyakar aikinsa. Bayan haka iyali su yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kamar yadda dokar 1992 ta wajabta, domin da takardar shaidar mutuwa ake karɓar fansho da kuɗin banki da sauran haƙƙin marayu.

IN TA TABBATA YA KASHE KANSA

Saura magana mafi nauyi. In bincike ya tabbatar mutum shi ya kashe kansa, iyalinsa ba su yi laifi ba, doka ba ta bin su da komai, sai fa wanda ya zuga shi ko ya taimaka masa, wanda sashe na 228 na Finalkod ya tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Tsoron a hana mamaci sutura shi ke sa waɗansu ɓoye gaskiya. Mafi yawan malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, sun tafi a kan ana yi masa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi. Cocin Katolika ma, a kundin dokokinta na 1983, ba ta lissafa shi cikin waɗanda ake hana wa addu'ar jana'iza ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma sau da yawa akwai ciwon baƙin ciki mai tsanani, ko shaye-shaye, ko wani matsi na farat ɗaya a bayan lamarin. Waɗannan abubuwa ne da ke da magani. Sashe na 231 na Finalkod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙuri bai mutu ba, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa tsoron wannan sashe yana hana a kai mutum asibiti. Ingila, wadda ta kawo mana irin wannan doka, ta soke tata a 1961. Gana ta soke a 2023. Jihar Legas, a dokar laifuffukanta ta 2011, ta ce kotu ta tura irin wannan mutum asibiti. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti domin aikin cire wannan yunƙuri daga jerin laifuffuka. Ko mene ne matsayin doka a jiharka, wanda aka samu da sauran rai asibiti za a fara kai shi.

Wanda kuka ga ya janye daga mutane, ya daina cin abinci da barci, yana rabar da kayansa, yana cewa gara ba ya duniya, kada ku yi masa dariya, kada ku ce neman a kula shi yake. Ku zauna da shi, ku tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin feshi da makami daga inda zai kai hannu, ku raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya fara duba shi ya tura shi inda ya dace. In kuwa kai ne mai sauraron nan da abin ke damu, ka faɗa wa wani da ka amince da shi yau, kada ka bari sai gobe. Iyalin da irin wannan rashi ya faɗa wa su ma suna bukatar a je musu ta'aziyya kamar kowa, a daina yi da su a bayan ido.

Jama'a, roƙona gare ku shi ne kowa ya kai wannan saƙo unguwarsa. Masu unguwanni su riƙe lambar caji ofis na yankinsu. Limamai da fastoci su tambaya kafin su sallaci gawar da mutuwarta ke da shakka: an sanar da hukuma? 'Yansanda da likitoci da alƙalai kuma su tuna akwai masu makoki suna jira a ƙofa, su yi aiki da sauri da gaskiya, kada su nemi ko kwabo a kan abin da doka ta ce kyauta ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya.